Kujerar da Aka Auna da Ƙafar Kaka

Rufi biyu na ɓare a jikin kujerar kafin na kai ga jan yadin. Na sama leda ce ruwan ƙasa, duk ta tsattsage. Ƙarƙashinta wani koren karammiski ne da ɓeraye suka ɗanɗana. Ina cire ƙusa ta ƙarshe sai ga ja, ba jan kanti ba, ja mai duhu irin na karan dafi. Na ajiye filaya na kai hancina. Ko ka yarda ko kada ka yarda, bayan shekara talatin da ɗoriya, warin bagaruwa yana nan a jikinsa. Na kifa kujerar na duba ƙarƙashin mazauni, sai ga baƙaƙen haruffan nan na Turawa guda huɗu, suna nan inda na san su. Na zauna a ƙasa.

Sana'ata ke nan. Ina da ɗan shago a Sharaɗa, jikin katangar wata masaƙa da ta daɗe da mutuwa. Ana kawo mini tsofaffin kujeru da teburori in kankare su, in shafe su da mai, in yi musu sabuwar riga da yadin da na rina da hannuna. Kujeru da yawa sun bi ta hannuna, amma wannan ita kaɗai na taɓa yi wa kuka, tun ina 'yar shekara tara.

A wani ƙauye kusa da Challawa na tashi, inda iska in ta juyo sai ta kawo mana warin kamfanonin fata har cikin tuwo. A ɗaya daga cikinsu Babanmu yake aiki, mako guda na safe, mako guda na yamma. Kakata, wadda ta haife shi, ita ce mai rini a gidan. Ba ta da marina, tukwanen ƙasa uku ne kawai a bayan ɗakinta. In an gama girbi sai ta aike ni gonakin mutane in tsinto mata jajayen ɓawon karan dafi. Da rani mu kakkaɓo bagaruwa. Ɓawon albasa kuwa, ko na maƙwabta ba ya tsira daga hannunta. Doka ɗaya take da ita wadda ba ta karyawa: farin yadi sai ya kwana uku a ruwan bagaruwa kafin ya ga launi. Ta ce wanda bai sha bagaruwa ba, ko ya fi gobara ja, ranar da gumi ya taɓa shi zai zuba.

Gwiwoyinta ne suka fara cin amanarta. In ta zauna a tabarma, tashi sai an kama ta, ita kuwa Kaka ta tsani a kama ta kamar yadda ta tsani miya ba daddawa. A shekarar ne aka kawo wa kamfanin su Babanmu sabon inji a cikin wani ƙaton akwatin katako. Da aka fasa akwatin aka jibge katakon a bayan sito, za a cinna masa wuta. Babanmu ya roƙi foman ɗinsu, shi kuma ya ɗaga hannu ya ce ya kwashe, ai ya rage musu aiki. Da baki ya faɗa, a gaban mai gadi. Babanmu bai nemi takarda ba, domin a wajensa maganar babba ta wuce takarda.

Ba kafinta ba ne, zarto ma aro ya yi. Amma ina tuna ranar da ya durƙusa gaban Kaka da karan dawa, ya auna daga diddigenta zuwa gwiwa, ya karya karan daidai wurin. Ya sa ta dafa turmi ta yunƙura, ya auna inda tafin hannunta yake neman madafa. Juma'a shida ya yi yana aikin, domin ita kaɗai ce ranar hutunsa. Ya goge katakon da samfefa har haruffan jikinsa suka ɓace, sai guda huɗu a ƙarƙashin mazauni da ya ce ba mai ganinsu. Ya shafe ta da man darbejiya saboda gara. Kaka ta rina jan yadi, Umma ta ɗinka matashi biyu, ni na cusa audugar rimi ina ta atishawa.

Ranar da Kaka ta zauna, ta dafa hannuwan kujerar ta miƙe tsaye ita kaɗai, sai ta koma ta sake, ta kuma sakewa, tana dariya babu haƙori. Daga ranar a kanta take salla, a kanta take motsa tukwanenta, a kanta take yi wa kowa faɗa. Damina ɗaya da rani ɗaya ta yi a kan kujerar nan.

Sai aka haifi ƙanena. Ranar suna da safe maza suka cika ƙofar gida a kan tabarmi, can sai ga foman a kan babur, cikin farar shadda. Labari ya shiga cikin gida, Kaka da bakinta ta ce a fitar masa da kujerarta, wai mai gidan ɗanta ba zai zauna a ƙasa ba. Babanmu ya ɗauki kujerar, ni na biyo shi da matasai. Foman ya zauna ya jingina, ya shafa hannun kujerar, ya miƙe, ya koma ya zauna. Da aka shafa fatiha sai ya karkata ta kamar mai duba aikin kafinta, ya leƙa ƙarƙashi. Ya yaba ƙwarai. Ya ci waina, ya karɓi goro ya tafi.

Washegari ya kira Babanmu ofis, ya ce ya ga kayan kamfani a gidansa, ina takardar get, ta izinin fita da kaya? Babanmu ya tuna masa maganarsu. Foman ya ce shi bai san wannan zance ba, mai gadi ma ya ce bai ji komai ba. Zaɓi biyu ya ba shi: ko kujera ta fito, ko sunansa ya hau wajen manaja a matsayin ɓarawo. Mu takwas ne muke ci a albashin nan. Babanmu ya ɗaure kujerar a bayan kekensa, kuma ba kamfani aka ce ya kai ta ba, gidan foman aka ce, a Na'ibawa. Na bi keken da gudu ina kuka har bakin titi. Bai waiwayo ba, kuma na san dalili.

Ƙarfin hali, ɓarawo da sallama. Bayan mako biyu foman ya aiko da farin yadi, wai yaransa sun ɓata rigar matasan da miya, tsohuwa ta rina masa wata irin waccan. Kaka ta karɓa, ta sa ni in jiƙa bagaruwa. A nan ne na kawo shawarar da har yau nake ganin ta fi kowace shawara da na taɓa kawowa. Na ce mu tsallake bagaruwar. Mu tsoma yadin a karan dafi kawai, ya yi ja ya yi kyau, ranar Juma'a ya zauna a kai da farar shaddarsa cikin zafin bazara, ya tashi kowa ya ga bayansa.

Kaka ta dube ni. Na rantse sai da gefen bakinta ya motsa. Sannan ta ce, "Ja'ira. In ya zuba, ba za a ce foman ɓarawo ne ba, cewa za a yi rinin tsohuwa yana zuba. Ya ɗauke mini kujera, ba zan ƙara masa da sunana ba."

Kwana biyar ta bar yadin nan a bagaruwa maimakon uku. Tana zaune a ƙasa, ƙafafu a miƙe, tana juya shi da muciya. Ban taɓa ganin ja irin wanda ya fito daga tukunyar nan ba, kuma ban taɓa jin haushi irin na ranar ba.

Za ka ce, ai sai a yi mata wata. Babanmu bai ƙara taɓa zarto ba har ya koma ga Allah. Ya dai sayo mata ta ƙarfe a kasuwa, marar hannu, doguwa. Ta gwada sau ɗaya ta zame, daga nan ta ce ita da kujera haihata-haihata, tunda da bakinta ta ba da tata. Shekara biyu ni da Umma muke ɗaga ta. Umma ta kama hammata ɗaya, ni ɗaya, mu ce bismilla, ita kuma ta runtse ido don kada ta ga fuskokinmu. Sau biyar, sau shida a yini. Matar da ba ta son a kama ta. A tabarmar ta rasu, farkon wata damina, tukwanenta sun cika da ruwan sama. Aikin da aka ba da kujerar dominsa kuwa bai ƙara shekara huɗu ba aka rufe kamfanin, aka sallami kowa, har da foman.

Ban yafe ba. Ba na ɓoyewa, ban kuma taɓa gwadawa ba.

To, wadda ta kawo mini kujerar mace ce kamar sa'ata, mai fara'a. Kafin in taɓa komai ta roƙe ni in yi sauri, wai ta mahaifinta ce, gwiwa ta kama shi, kuma duk kujerun gidan ita kaɗai yake iya tashi daga kanta ba a kama shi ba. A kanta yake salla. Ta ce ikon Allah, kamar da ƙafarsa aka auna ta. A lokacin ban ɓare rufin ba, ban san me nake ji ba, na ce ta dawo jibi.

Da ta dawo na riga na kankare kujerar, na shafe ta da man darbejiya, ta fito kamar ranar suna. Ta yi murna, ta buɗe jaka. Na ce ta mayar da kuɗinta, kujera ba za ta fita ba sai da takardar get. Ta yi dariya, ta ga ban yi ba. Na ce ta je ta faɗa wa mahaifinta haka, shi zai gane. Ta yi maganar 'yan sanda, na ce bismilla, ni ma ina da labarin da zan ba su.

Kwana uku bayan nan, da hantsi, adaidaita sahu ya tsaya a ƙofar shagona. Da ƙyar matar da direban suka sauko da mahaifinta. Ya tsufa, ya rame, amma farar shaddar tana nan. Na fito na durƙusa na gaishe shi yadda ake gaida babba, na tambayi gida, na tambayi jiki. Shagona cike yake da kujeru, sun kai goma. Na shiga ciki na ɗauko tabarma, na kakkaɓe ta sosai, na shimfiɗa masa.

Ya dubi tabarmar, ya dubi kujerun. Na ce ya yi haƙuri, duk kayan mutane ne, ba ni da izini a kansu. Tsayuwa ta gagare shi, dole ya sauka. Na ji ƙarar gwiwoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Na kawo masa ruwa mai sanyi a kofi mai kyau, na zauna a gefe, kujerar Kaka tana tsakaninmu babu kowa a kai.

Na gaya masa ko ni jikar wace ce. Bai yi musu ba, wannan kam na ba shi. Ya ce Babanmu mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, abin da ya wuce ya wuce. Ya ce in dubi girman Allah in dubi halin da yake ciki, wai ban san ciwon gwiwa ba.

Na ce, "Na san shi, Alhaji. Shekara biyu ina ɗaga shi da hannuna."

'Yarsa ta fara magana, ya ɗaga mata hannu, irin ɗagawar nan da ya yi wa Babanmu a bayan sito, ya ce ta bari. Sannan ya yunƙura zai tashi. Ya dafa ƙasa, ya koma. Ya sake, ya koma. 'Yar ta kama hammata ɗaya, ta kasa, sai da ta kira direban ya kama ɗayar. Da suka ce bismilla na ga ya runtse ido. Ina zaune, hannuwana a kan cinyata, ban motsa ba. An ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Ni dai ban ji zafi ba, sanyi na ji har cikin ƙashina.

Yanzu in ka bi ta Challawa, kamfanin nan awaki ne suke kiwo a cikinsa, get ɗin ma an cire an sayar. Ba sauran wanda zai rubuta takarda, ba sauran wanda za a nuna wa. Karan dafi sai na yi cigiya a ƙauye kafin in samu, matan da suke zuwa shagona kuma hoto suke nuna mini a waya su ce irin wannan launin suke so, ba su san kakanninsu sun yi shi a bayan ɗaki ba. Kujerar tana ɗakin Umma. Ta ƙi zama a kanta, kullum sai ta ce in mayar wa tsoho abinsa in bar wa Allah, wai da Kaka tana nan da ta mayar. Wataƙila. Kaka ce ta hana ni tsallake bagaruwa, kuma na ga abin da haƙurinta ya saya mata.

Jan yadin na wanke shi da sabulu sau biyu, na matse, ruwan ya fito fari tas, ko ɗigo bai zuba ba. Umma tana tsaye tana kallo, ta ce ni da yadin nan tukunya ɗaya aka jiƙa mu. Na shanya shi a igiya, ban musa mata ba.