Daudu da Man Bini da Zugu

Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Gwiwa da Kazaure a shekarun baya ya san motar Daudu. Tsohuwar motar ɗaukar kaya ce mai bodin katako, mai shan gas, kuma tun kafin ta ɓullo daga bayan duwatsu ake jin gurnaninta. Ranar kasuwa yakan lodo gero da dawa da wake ya sauke a Kazaure, wani lokaci ya zarce Babura ya ɗauko awaki ko gyaɗa.

Daudu ɗan gidan makiyaya ne, amma sandar kiwo ba ta taɓa zama a hannunsa ba. Tun yana saurayi ya tafi Kano ya koyi tuƙi, ya shekara da shekaru yana jan motocin mutane, sai da furfura ta fara fito masa sannan ya mallaki tasa. Shanun gidan suka zauna a hannun yayarsa Hafsatu, wadda kowa ke kira Adda. Mijinta ya rasu da wuri, ita da ɗanta Sama'ilu ke kula da su.

Mahaifinsu ya bar musu gona guda a gindin dutse, ba su taɓa raba ta ba. Da damina Daudu ke nomawa, a raba hatsin. Bayan girbi shanun Adda su shiga su ci kara da harawa, su bar taki. Haka suka zauna, babu wanda ya taɓa jin kansu.

Abin da ya hana Daudu sakat shi ne gas. Yau akwai, gobe babu. In ya samu a gidan mai, farashin ya tashi. In ya saya wurin 'yan bumburutu, rabi kananzir ne. Sau da yawa yakan yini a layi a Kazaure, buhunan mutane na jiransa a Gwiwa.

A shekarar da rediyo ta yi ta shelar noman bini da zugu, wasu mutanen kamfani suka zo tashar Kazaure da duro guda a bayan motarsu. Shugabansu wani matashi ne mai suna Zaharadeen, mai fara'a da iya magana. Ya tara direbobi ya nuna musu wani mai rawaya, garau, a cikin kwalba. Ya ce daga 'ya'yan bini da zugu aka matso shi, shukar nan da ake shinge da ita, aka tace shi da sinadari har ya zama dizal. Ya ce duk motar da ke shan gas za ta sha shi. Sannan ya nemi wanda zai yarda a zuba masa kyauta.

Direbobi suka kalli juna. Wani ya ce shi motarsa ba kaskon ƙosai ba ce, aka yi dariya. Daudu kuwa tun safe tankinsa a bushe yake, ga lodin wake na jiransa. Ya ce a zuba.

Ya murza makulli, mota ta tashi. Hayaƙin da ya fito ba baƙi ba ne, kuma ƙamshinsa kamar ana suya a maƙwabta. Ya je Babura ya dawo, inji bai yi ko tari ba. Da ya sauko, Zaharadeen ya riƙe hannunsa.

"Baba, ka gani da idonka. Ku shuka, mu ba ku iri. Za mu kafa injin matsa a nan kusa. Ka kawo 'ya'yan, ka tafi da manka. Kai da layi har abada."

Daudu bai yi shawara da kowa ba sai zuciyarsa. Da yamma ya tarar da Adda tana tatsa, ya tsuguna gefenta ya zayyana mata komai. Ta saurare shi har ya gama, hannunta bai bar aiki ba.

"Daudu, abin da ko akuya ba ta ci shi za ka cika gonar Baffa da shi?"

"Adda, mota za ta ci. In mota ta ci, duk mun ci."

"Shanun fa? Da rani me za su lasa?"

"Ni zan riƙa kawo musu dusa da harawa daga Babura. Na ɗauki wannan."

Ta ce, "Kai ne namiji. Amma sunan abin nan kaɗai bai kwanta mini ba, zugu fa likkafani ne."

Ruwa na sauka ya shuke kashi biyu cikin uku na gonar. Ba shi kaɗai ba ne, manoma da yawa daga Roni har Gwiwa sun karɓi irin. Kamfani ya gina wata rumfar kwano a bakin titi, aka kafa allo, aka ce inji yana kan teku.

Shekarar farko ba a sa ran komai. Ta biyu gara ta shiga saiwoyin, layuka suka yi giɓi. Abin da aka gaya musu, wai shukar ba ta son ruwa ko taki, ya zama rabin gaskiya. Ba ta mutuwa, amma ba ta haihuwa. Tana nan tsaye, kore shar da damina, sanduna tsirara da rani. Hatsin sauran gonar ba ya kai su bazara. A karon farko a rayuwarta, Dela matar Daudu ta fita da kwano ta auno gero a kasuwa.

Alƙawarin dusa ya cika shi a rani na farko. A na biyu ya kawo rabi. Shanun Adda suka fara nuna haƙarƙari, Sama'ilu ya riƙa kora su nesa, su dawo bayan magariba ba su ƙoshi ba.

A damina ta huɗu ne shukar ta yi 'ya'ya na kirki. Shi da Dela suka tsinka, suka shanya, suka ɓare, aka sami 'yan buhuna. Daudu ya wanke motarsa, ya ɗora su, ya nufi rumfar kamfani. Ya tarar an cire kwanon rufin, allon ya faɗi, wasu tumaki na kwance a inuwar bangon. Wani mai faci da ke kusa ya ce rabonsa da ganin mutanen tun bara. Inji kuwa bai taɓa zuwa ba. Lambar Zaharadeen a kashe.

Daudu bai yarda ba. Ya ɗauka ko wani kamfanin na saye, ko akwai inda ake sayar da tataccen man. Ya bi gidajen mai na Kazaure ɗaya bayan ɗaya yana tambayar dizal na shuka. Wasu ba su gane abin da yake nufi ba, wasu suka ce ya leƙa wurin masu ƙuli-ƙuli. Da ya kai kaya Kano ya yi yini guda yana yawo. Wani ma'aikacin ofis ya karɓe shi da mutunci, ya ce lallai an yi wannan shirin, amma wanda ke riƙe da shi an yi masa canjin wurin aiki. A Babura ya tambayi 'yan Nijar masu zuwa da sefa ko can ana saye. Suka ce su ma sun shuka, su ma jira suke.

Buhunan suka koma zaure. Ko ɓera bai taɓa su ba.

Daga nan ya ƙudura zai matse man da kansa. Masu injin gyaɗa suka ƙi, suka ce guba ce, in ta taɓa injinsu babu mai sake kawo musu aiki. Dela ce ta ce a bar mata, ai man gyaɗa ma da hannu aka san shi tun asali. Ta soya 'ya'yan a kasko, ta daka, ta murza da ruwan zafi. Hayaƙin ya cika mata ido, hannuwanta suka yi ja suka saɓule, ta yini tana amai. Duk da haka ta ci gaba har sai da suka tara jarka biyu na wani mai kauri mai duhu. Turmin da kaskon daga baya jefar da su aka yi.

Tunkuzar da ta rage Dela ta shanya ta a bayan gida, da niyyar a binne. Tsakiyar rani ne. Wata karsana ta Adda, wadda take ji da ita fiye da sauran, ta tsallake dangar ta ci. Kafin la'asar cikinta ya kumbura, tana zawo tana nishi. Aka ɗura mata kanwa, aka ɗura mata madara, ba ta tashi ba. Ko yankawa ba a yi ba, don babu mai cin naman.

Daudu ya dawo daga hanya ya tarar da Adda zaune a ƙasa kusa da gawar. Ya tsuguna.

"Adda, ki yafe mini. Zan saya miki wata."

Ba ta ɗago ba. "Kakar karsanar nan Baffa ya ba ni ranar da aka kai ni ɗaki. A wace kasuwa za ka samo wannan?"

Mako bai cika ba ita da Sama'ilu suka ɗaure kayansu a kan jaki, suka kora sauran shanun suka yi kudu, wurin dangin mijinta. Ta yi sallama da Dela. Daudu yana Kazaure, ba ta jira shi ba.

Jarkokin nan biyu su ne kawai abin da ya rage masa na shekara huɗu. Ya kai ɗaya wurin makanikensa, Muhammadu Lawal, wanda ya daɗe yana gyara masa mota. Muhammadu Lawal ya tsoma yatsa, ya murza, ya girgiza kai.

"Malam Daudu, wannan ba irin wanda aka zuba maka a tasha ba ne. Wancan an tace shi da magani. Wannan ɗanye ne, danƙo gare shi. Famfon inji ba zai ɗauka ba."

"In na gauraya da gas fa?"

"Ni dai ban ce ka zuba ba."

Ya haƙura na wasu watanni. Sai aka shiga wani ƙarancin mai da ya fi na kullum, gidajen mai suka rufe, 'yan bumburutu ma suka ɓuya. A lokacin ne Maikasuwa, wani dillalin kayan miya da ya shekara goma yana ba shi aiki, ya ce ga tumatir a kwanduna, masu saye na jira a Babura, kuma ba ya kwana. Ɗan gas ɗin da ke tankin ba zai kai rabin hanya ba. Daudu ya tace man nasa da tsumma har sau biyu, ya yi bisimilla, ya juye.

Da farko motar ta tafi lafiya, har ya ji wani sanyi a ransa. Bayan sun yi nisa ƙarfinta ya soma raguwa. Ta riƙa shaƙewa, tana fitar da farin hayaƙi, yana taka totur ba ta amsawa. Rana tana tsaka ta mutu a wani fili inda babu ko bishiya. Ya kwance filta ya tarar da ita cike da wani abu kamar kunun kanwa. Ya wanke, ya hura, ya sake murzawa har batir ya ƙare. Babu motar da za ta kwashe kayan, kowa na fama da rashin mai. Washegari ruwan tumatir na ɗiga ta ƙasan bodi, ƙudaje sun rufe kwandunan.

Maikasuwa ya iso a kan babur, ya zagaya motar sau ɗaya. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Daudu, da kayana ka yi gwaji?" Ya hau babur ya tafi. Bai ƙara ba shi lodi ba, kuma labarin ya riga motar isa tasha.

Da aka jawo ta gareji, Muhammadu Lawal ya buɗe injin ya ce famfo da nozul duk sun tafi. Motar ta yi damina biyu a bayan garejin, tayoyin suka sace, kaji suka yi ƙwai a gidan gaba. A ƙarshe 'yan gwangwan suka zo da wuta suka yanka ta. Daudu bai je ba, Muhammadu Lawal ya wakilta.

Ya koma gona ya fara tumɓuke bini da zugu da gatari da diga, shi kaɗai. Duk inda ya bar guntun saiwa, damina na zuwa sai ya tofo. Ƙasar kuma ta gaji, shekaru ba ta ga taki ba, geron da ta bayar ko gwiwa bai wuce ba. Ya nemi aikin kamasho a tashar Gwiwa, yana kiran fasinja yana ɗaura kaya a motocin yaran da a gabansa suka koyi tuƙi. Suna ba shi girma a gabansa. A bayansa kuwa Mai Zugu suke ce masa, kuma ya sani.

Sau biyu yana aika wa Adda saƙo ta hannun masu fataucin shanu, cewa ya cire shukar, ta dawo. Amsar da ke dawowa ita ce tana gaishe da Dela.

Wata safiya ana cikin lodi aka miƙo masa waya. Sama'ilu ne, ya ce jikin Adda ya yi tsanani tun jiya. Daudu ya bar igiyar da ke hannunsa ya kama hanya. Motar da ya samu ta tsaya jiran cika, ta Kano ma haka, daga inda titi ya ƙare kuma sai babur. Ya isa rugar bayan la'asar, ya tarar da maza zaune a kan tabarmi, an dawo daga maƙabarta.

Sama'ilu ya kawo masa ruwa a ƙwarya. Ya zama magidanci, har da gemu. Bayan an yi addu'a mutane sun ragu, Daudu ya matso kusa da shi, ya yi ƙasa da murya.

"Ta ambace ni?"

Sama'ilu ya dubi ƙasa. "Ta yi maganar shanu, Kawu. Ta ce kada a sayar da jar saniyar."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Kawu."

Daudu ya yi kwana uku a rugar. Ranar da zai tafi ya ce wa Sama'ilu rabin gonar nasa ne yanzu, duk lokacin da ya ga dama ya zo da shanu. Sama'ilu ya yi godiya, ya raka shi har bakin hanya, ya ce sun riga sun saba da nan.