Inna Batula ta Fakku da Dawar da Ba Ta Faɗin Mai Ita

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 18 ga Nuwamba 2025, Allah ya karɓi ran Inna Batula a gidanta da ke Fakku, ƙaramar hukumar Kebbe, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Autarta Mu'minatu ce ta bugo mini waya. Ina wani birni na Turai a lokacin, wajen bikin nuna finafinan gaskiya na ƙasashen duniya, irin waɗanda ake ɗaukar rayuwar mutane ba wasan kwaikwayo ba. Ranar Litinin aka nuna fim ɗin da na yi a kanta. Kafin in gama haɗa kayana an kai ta makwancinta.

Inna, ni ce Ruwaida, wadda kike kira Mai Ido Uku saboda kyamarar da ba ta barin kafaɗata. Ɗanki na fari, Gazali, mai gyaran babura a Tambuwal, shi ya turo ni wajenki shekara uku da suka wuce, sa'ad da nake neman masu adana tsohon irin hatsi. Ya ce, "Tafi wurin tsohuwata. Ke za ta yi miki magana. Ni dai ban taɓa jin zance ukku a jere daga bakinta ba." Ya yi dariya, ni ma na yi. Daga baya na gane ba abin dariya ya faɗa ba.

Na same ki a madafa, zangarniyoyin gero da dawa na rataye a saman murhu suna shan hayaƙi don kada ƙwari su ci su, ga goruna cike da iri da toka jere a bango. Kika miƙo mini zangarniya biyu kika ce in nuna miki gero in nuna miki maiwa. Na nuna ba daidai ba. Kika ce ashe ido uku ma bai hana makanta, kika dama mini fura. Tun ranar ban ƙara shiga gidanki na fita da yunwa ba, ko ba tare da an yi mini tsiya ba.

Mutanen Fakku ba sai na gaya musu wace ce ke ba. Shekarar da ruwa ya yaudari manoma, aka yi shuka sau biyu tana ƙonewa, ke kika buɗe gorunanki. Har daga Jabo an zo a kan babura. Sharaɗinki ɗaya ne, idan kaka ta yi a maido miki cikin tafin hannu, don kada irin ya mutu a hannunki. Wanda bai maido ba ma, in ya dawo baɗi sai ki yi masa faɗa sannan ki sake auna masa.

Amma akwai dawa guda, ja mai gajeren kara, da ba kya ba kowa. Kina shuka ta ita kaɗai a gefen gona, wurin bai fi taku ashirin ba. Na tambaye ki sau uku kina kawar da kai kina cewa, "Wagga ta wani ta." Sai wata la'asar, kina sussuka, kin manta da kyamara ko kin yi kamar kin manta, kika ce da ita aka tuƙa tuwon sunan "wancan na Tambuwal". Shekara arba'in da shida kenan ba ki bar ta ta ɓace ba. Kowace kaka ita kike fara dakawa, ki aika masa garin cikin saƙon da ake rarraba wa 'ya'ya, ba tare da wata alama ba. Ba ki ambaci sunansa ba, don uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Tun yaye kakarsa ta ɗauke shi zuwa Jabo, kuma ko ya zo gaishe ki, bango kike kallo ki amsa.

Da na ce zan saka wannan a fim, kika sa na yi miki alkawari. Kika ce, "Kai ma Turawa su gani, ba su san ni ba, gobe sun mance. Amma shi, ina da rai kar ya gani. Ina nika sa idona?"

Na riƙe alkawarin, Inna, amma ban riƙe shi da daɗin rai ba. Shekara ɗaya da rabi ina wucewa ta gaban rumfar Gazali, yana ɗago hannu baƙi ƙirin da mai yana tambayata yaushe za a ga fim, ina ce masa ana aiki. Sau biyu na dawo Fakku na roƙe ki ki bari ya gani. Na biyun kika ce in na ƙara, furar ma ta ƙare. Taurin kanki ya ba ni haushi, kuma na gaya miki.

A wajen bikin an nuna finafinai daga ƙasashe sama da talatin. Na ga masunta a bakin wani teku da kifinsa ke ƙarewa, na ga mata masu saƙa a kan duwatsu masu ƙanƙara. Da aka zo naki, mutum ɗari huɗu ne a zauren. Bayan an kunna fitilu wani ya tambaye ni ko faɗa kuka yi da ɗan naki. Ina ta kame-kamen bayani sai wata dattijuwa 'yar Indiya ta miƙe ta ce kakarta ma har ta mutu ba ta taɓa furta sunan mijinta ba, kuma babu wanda ya kai shi a zuciyarta. Aka tafa. Ni kuwa takaici ne ya kama ni, ganin baƙi ɗari huɗu sun san abin da mutum guda da ya fi su buƙatarsa bai sani ba. Washegari Mu'minatu ta kira.

Ranar sadakar bakwai na iso Fakku. Bayan azahar na ja Gazali zaure na kunna masa fim ɗin a kwamfuta. Ya kalla bai motsa ba, har wurin sussukar. Ya ce in mayar baya. Na mayar sau uku. Can ya ce, "Ashe shi ya sa tuwon ke da ja. Ni da nika cewa matata ba ta iya tankaɗe ba." Sai ya rufe fuska da hularsa, na fita na bar shi.

Har yanzu ban san ko daidai na yi ba. Da na karya alkawari, da ya zo ya durƙusa gabanki kina da rai, ko da bango za ki kalla. Da na karya kuma, da na ci amanar tsohuwar da ta buɗe mini abin da ta rufe shekara arba'in da shida. Ina roƙon Allah ya yafe mini ta ɓangaren da na yi kuskure.

Kin tafi kin bar jar dawar tsaye, ba a yanke ba. Gazali ya kulle rumfarsa kwana uku, ya yanke ta da hannunsa, ya zaɓi manyan zangarniyoyi ya rataye a saman murhunki. Mu'minatu ta ce bai bar kowa ya taya shi ba.

Allah ya jiƙanki, Inna Batula, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sa kowace ƙwayar da kika bayar ta tsiro miki a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mu'minatu da 'yan'uwanta, da jikoki, da mutanen Fakku da Jabo. Allah ya ba su haƙurin rashi. Ta musamman kuma ga Gazali. Na yawaita kiran sunansa a gabanki cikin wannan rubutu, Inna, kuma na san da kina kusa da kin harare ni. Ki yi haƙuri, a madadinki na kira shi.