Fetur a Bakin Direba

A wani gareji a Talata Mafara, wani dattijon direba mai furfura yana sunkuye gaban motarsa da ta ƙi tashi, shaƙe da albasar Bakolori. Ya sa tiyo a galan, ya zuƙi fetur cike da baki zai fesa wa kafireto, mashigar man injin, don motar ta tashi. Da gani tun yana yaron mota yake haka. Ya leƙa injin, sai sababbin tiyo a ɗaure tamau, ba kafar fesawa.

"Baba Nagode, an wuni lahiya?" in ji bakanike. "Ai ɗanka ya sa mun cire kafireton, injekta ce yanzu, ita ba a fesa mata mai da baki."

Rana tana yin sanyi, hanyar Maradun da zai bi kuwa ba a bin ta da duhu. Dattijon yana tsaye, kumatu a kumbure da fetur, ko gaisuwar ya kasa amsawa.