Anguryar Yayana

Shekarar da na fara turka sa a Dogarawa, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, kiwon kuma matata ke yi. Sa ne ja mai tozo, ya yi ƙiba har maƙwabta na leƙowa kallo. Da bazara ta kama, harawarmu ta ƙare, sai na tafi Konni wurin yayana, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, mai mangazar abincin dabbobi, wato babban ɗakin ajiya da sayarwa. Shi da kansa ya zaɓa mini buhunan angurya daga ƙuryar mangaza, ya ce na gida ya ware mini.

Matata ce ta fara cewa anguryar na warin ruma, cikinta duk dunƙule-dunƙule masu kore. Na aika wa yayana, ya ce a shanya a rana, ba komai. Muka shanya, muka ba san.

Zafin shekarar ko mutum bai iya tsayawa a tsakar gida. Muka ƙara zana kan rumfa, matata na kwara wa san ruwa da ƙwarya. Duk da haka ya daina tuƙa, ya tsaya yana haki, harshe waje, yawu na dalala, ga zawo. Malamin dabbobi ya zo, ya fasa dunƙule ɗaya ya shinshina, ya ce fumfuna ce ta ci masa hanta, zafi kuma ya same shi ba ƙarfi. Muka kira mahauci kafin ya mushe. Hantar ta yi fatsi-fatsi, sai rami muka haƙa mata.

Daga baya direban da ke yi wa yayana dako ya gaya mini tun damina rufin mangazar ke yoyo a wannan ƙuryar, kuma shanunsa ba a taɓa ba su ko ƙwarya ɗaya daga ciki ba.

Na sami yayana a kasuwa a gaban mutane. "Yaya, ka san ta ruɓe ka ba ni?"

Ko kallona bai yi ba. "Zafi ne. Shanun wa bai taɓa ba bana?"

Abin da har yau ke ci mini rai, ni aka kira gida. Inna ta ce na tozarta babba a kasuwa, sai na ba shi haƙuri. Na durƙusa na bayar, matata na bayan ƙofa tana kuka. Ranar kasuwar Badagishiri na ga sauran buhunan ƙuryar mangazar yayana an zazzage su kan tabarma ana sayarwa, matan ƙauye na layi da kwanoninsu.