Azumin Arfa a Bayan Filin Jirgi

Har yau in jirgi ya wuce ta saman rufinmu a unguwar Maamobi ta Accra sai raina ya ɓaci, sai na yi istigfari. Abin ya samo asali ne daga shekarar da Baba ya yi niyyar Makka.

Baba tela ne, a kan keken ɗinki ya tsufa a Nima, nan kusa da mu. Wani ejan aikin hajji mai yawan turare, ɗan unguwarmu, shi ya karɓi fasfonsa. A ɗakinmu ya zauna yana cewa tsakanin Accra da Jidda awa shida ne kacal, in Baba ya yi asuba a nan, la'asar a can za ta same shi. Baba ya yi ta maimaita wannan magana kamar yaron da aka yi wa alkawarin kayan Sallah.

Ya bi gida gida ya nemi gafara. Ranar tafiya layinmu kaf ya cika motar haya ta trotro, muka raka shi, muka yi kuka, muka dawo. Jirgi bai zo ba.

Aka zube su Baba da sauran maniyyata a wata rumfa bayan filin jirgi, tsofaffi maza da mata, kowa da tabarmarsa da butarsa. Ga sauro, ga ruwan sama yana fesowa ta gefe. Kullum ejan ya leƙo ya ce gobe in sha Allahu. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, yadda ya mai da sunan Allah mayafin ƙaryarsa.

Kullum nakan kai abinci, da goyo a bayana. Daga rumfar zuwa gidanmu ko da ƙafa ba nisa. Na ga ƙafafun Baba sun kumbura, na roƙe shi ya zo ya kwana a gadonsa, ya yi wanka da ruwan zafi. Ya ƙi. Ya ce wanda ya yi ban kwana da unguwa da wace fuska zai koma ya zauna a ƙofar gida? Kuma in jirgin ya zo ba ya nan fa?

Wata rana na tare ejan a bakin motarsa. Ya ce, "Hajiya, Makka kira ce. Wanda aka kira shi zai tafi."

Na ce, "An kira shi, Alhaji. Kai ka tsaya a hanya."

Daga ranar ba mu sake ganinsa a rumfar ba. Ashe ya shige jirgin ƙarshe da wasu mutanensa.

Safiyar Arfa na kai koko da ƙosai. Na tarar Baba ya naɗe tabarma, haraminsa na kan jaka, ko warware shi bai taɓa yi ba. Na miƙa masa kwano, ya girgiza kai.

"Uwata, mayar. Azumi nake yi."

Alhaji a Arfa ba ya azumi, na gida ke yi. Nan na gane ya haƙura. Na ɗauki jakar a kaina, ya biyo ni ta lungu lungu don kada a gan shi. Bai ƙara samun hali ba har ya rasu.

Da ejan ya dawo, ya aiko mana da zamzam a 'yar kwalba. Na so in mayar masa. Baba ya karɓa, ya fuskanci alƙibla ya sha, ya ce ruwan ba shi da laifi. Ni dai nakan amsa sallamar mutumin don wajibi ne, amma ban taɓa ƙara masa ko da sannu a kai ba.