Rufin da Ba'ana Ya Ɗinka

A Baga, sana'ar Ba'ana ɗinkin buhu ce. Yakan haɗa buhunan masara ya ɗinke su shimfiɗa guda, masunta su ɗaura a sandar kwalekwale, iska ta tura su cikin tafkin Chadi. Gwanintarsa ita ce yi wa ɗinkin ciki, wato ya bar tsakiya da sako-sako don ta kama iska.

Da aka ƙone garin, a ƙafa ya iso Maiduguri, daga shi sai allurar da ke aljihunsa. Ya sami mafaka a wani fili a Ajilari tare da sauran 'yan gudun hijira.

Can ya haɗu da Wilson, ma'aikacin wata ƙungiyar agaji. Da Wilson ya ji sana'arsa, sai ya nuna masa jiragen ruwan Turawa masu tafiya da iska a waya.

"Baba, su fa kowace igiya da sunanta a Turanci. Sandar nan mas, zanen kuma sel."

"Ɗana, mu igiya igiya ce," in ji Ba'ana. "Sunayen ne ke tuƙa musu?"

Wilson ya yi dariya, ya ce zai roƙi ogansa a ba shi ɗinkin rufin bukkoki kafin damina. Idan aikin ya yi kyau, ya sami abin ci da kansa.

Da aka ba shi aikin, Ba'ana ya zauna ya ɗinka da zuciya ɗaya. Sai dai hannunsa bai san ɗinki a miƙe ba. Kowane rufi ya yi masa ciki, ba tare da ya lura ba.

Hadarin farko ya taso da la'asar. Rufin ya kumbura, ya cika da iska, ya tumɓuke turaku. Na Kellu, wadda aka kashe mata miji a hanya, shi ya fara tashi, ya bar ta rungume da 'ya'yanta cikin ruwa.

Washegari Wilson ya zo, ya kasa haɗa ido da shi.

"Baba, na yi magana, wallahi na yi. Sun ba wani tela aikin a Bulumkutu."

Ba'ana ya ce ba komai. Ya je ya ciro buhunan daga kan katangar maƙwabta, ya kawo wa Kellu, ya ce zai warware ya sake.

"Bar shi, Baba Ba'ana," in ji ta. "Ka ga wani hadarin can."