Ragon Inna da Numfashin Baba

Ranar da na faɗa wa Baba sashen da aka ba ni a kwaleji, sai da ya ajiye kofin kunun da ke hannunsa. Ni Hausa na nema, ko ilimin addini, amma ko da na je an cike, sai sashen motsa jiki da kiwon lafiya ya rage, shi kuwa ba a turereniya a ƙofarsa. Karatun ƙarshen mako ne a Gwarzo, na masu neman takardar koyarwa. Ran Juma'a in hau mota daga ƙauyenmu da ke gefen Durun, ran Lahadi da yamma in dawo.

"To, me ake koya muku a can?" in ji Baba.

"Gudu, Baba. Da yadda zuciya ke aiki."

"Gudu." Ya juya wajen Inna. "Kin ji ko? Mun sayar da gyaɗa don a koya wa auta abin da kaza ta iya tun ranar da aka ƙyanƙyashe ta."

Na ji haushi, amma ni ma haka na ɗauki abin. Malaminmu wani dogo ne siriri, usur a wuya ko a cikin aji, har muna zargin da shi yake wanka. Da hantsi zai fito da mu fili, mu mata cikin hijabi da dogon wando da kambas, mazan kuwa yawancinsu malaman firamare ne masu teɓa. Da ya busa usur ɗin nan sai ka ji salati ta ko'ina. Wata 'yar ajinmu takan tsaya ta ce ta jiyo kukan jaririnta, alhali jaririn yana Kabo wajen kakarsa. Ni kuwa igiyar kambas ɗina ce ba ta ɗauruwa, a kowane zagaye sai na durƙusa na gyara ta a tsanake.

Malamin bai taɓa zagin kowa ba, bayani ne dai ba ya gajiya da shi. "Zuciya tsoka ce," in ji shi, "kamar ta damtse. In ba ta aiki sai ta yi laushi, ta tara kitse, ta bar mai ita da haki." Ya koya mana ɗora yatsu a wuyan hannu mu ji bugunta. Ya kuma ba mu wani awo da ba ya buƙatar agogo: in kana gudu kana iya magana amma ba ka iya waƙa, to ka kai inda ake so. Kafin ƙarshen zangon na lura ina jan guga a rijiya har in cika randa ban tsaya hutawa ba. Ban faɗa wa kowa a gida ba, kada a ce gudun ya yi rana.

Baba shi ne ladanin masallacin ƙauyenmu tun kafin a haife ni. Ba shi da sarauta, gonarsa ma ba wata babba ba ce, ladancin nan shi ne sunansa, mu kanmu 'ya'yan Ladan ake ce mana. A da muryarsa har fadama take kaiwa ba tare da lasifika ba. Amma tun da yayanmu da ke Kano ya aiko masa da babur, ƙafar Baba ta manta da ƙasa. Masallacin da ake hangowa daga ƙofar gida, a kan babur yake zuwa. Teɓa ta fito, numfashi ya gajarta, kiran sallah ya fara yankewa a tsakiya. Ita kuwa lasifika ba ta da sirri. Wata la'asar duk gari ya ji Baba ya tsaya a tsakiyar kira, ya yi tari, sannan aka yi ta jin hakinsa ana watsawa gida-gida.

Ba a yi mako ba shugaban kwamitin masallaci ya yi sallama a zaurenmu. Wani Alhaji ne sa'an Baba, tare suka yi karatun allo, shi ma cikinsa yakan riga shi shiga zaure. Ni na kai musu ruwa, kuma ban yi saurin fita ba. Suka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi gajiya, aka tambayi gona da damina da jikoki, sannan Alhaji ya gyara zama.

"Malam, jama'a ne suka ga ya kamata a hutar da kai. Ka yi wa addini hidima, Allah ya saka. Akwai yaron nan da ya dawo daga birni, muryarsa kamar a rediyo. Sai mu ce bayan Babbar Sallah, in Allah ya kai mu."

"Allah ya kai mu," in ji Baba.

Ranar tuwonsa a rufe ya koma. Ban taɓa ganin abin da ya hana Baba cin tuwo ba, ko zazzaɓi. Na tsani kalmar hutu tun daga ranar, kuma na ji tausayinsa har sai da na shiga ɗaki na yi kuka.

Da na koma Gwarzo na ba malaminmu labari. Ya ce tsoho mai haki asibiti ake fara kai shi, ba fili ba. Inna ce ta yi wannan aikin, ta hanyar daina yi wa Baba magana har sai da ya yarda ya je. Likita ya auna shi, ya ce jini ya ɗan hau, ya ba da magani, ya ce a rage gishiri da mai, a jingine babur, a riƙa tafiya da sauri kullum har gumi ya fito. Baba ya kalle ni kamar ni na kitsa wa likitan.

"Tafiya zuwa ina?" ya tambaye ni a hanyar dawowa.

"Ba sai da wurin zuwa ba, Baba."

"Mai tafiya ba wurin zuwa ai mun san sunansa a garin nan."

Duk da haka ya gwada. Abin da ni da likita muka manta shi ne, a ƙauyenmu ladan ke sanar da rasuwa. Da aka ga Baba da hantsi a ƙasa, ba babur, yana sauri, sai mata suka fara salati ta kan katanga. Wani ya yar da fartanya. Kafin ya kai famfon bakin gari mutane sun yi jerin gwano a bayansa, kowa na gyara hula yana tambayar wa aka rasa. Akwai wata tsohuwa da ta kwana biyu ba lafiya, danginta suka ruga gidanta da kuka, suka tarar da ita tana dama fura. Har yau ba ta amsa gaisuwar Baba da daɗin rai. Washegari ya sake gwadawa a hankali, sai gaisuwa ta cinye tafiyar: wannan ya durƙusa, wancan ya tsayar da shi yana tambayar jiki, ya dawo gida ko ɗigon gumi babu. Ya ce ya gama, kowa ya kama kansa.

Ana nan, wata safiya ragon Inna ya tsinke. Ragon layya ne, tun yana ƙarami take kiwonsa da dusa da harawa, tana alfahari da ƙeyarsa. Ya fice ta zaure, Baba na zaune, ya tashi ya bi shi ba shiri. Rago ya yi fadama, Baba ya yi fadama. Can da jimawa suka dawo, Baba riƙe da guntuwar igiya, riga sharkaf, hula a hannu. Ya zauna a kan turmi yana haki, sai na ga yana wani tunani.

"Auta. Kin san ba wanda ya tambaye ni ko lafiya?"

"Ai sun ga rago, Baba."

"Wannan da na yi, ya shiga lissafin malamin naku?"

Na durƙusa na ce ya miƙo hannu. Tun da na girma ban taɓa riƙe hannun Baba ba, kunya ta kama mu mu duka, ya kau da kai yana kallon rumbu. Zuciyarsa na bugawa da ƙarfi ƙarƙashin yatsuna. Na faɗa masa awon malaminmu, na magana da waƙa. Ya ce a hanya ya iya cewa a tare masa rago, amma da an ce ya kira sallah da sai dai a nemi wani. Na ce to ya shiga lissafi.

Tun daga ranar ragon Inna ya zama mai tsinkewa kullum da safe. Baba zai je wajen turke kamar mai duba dusa, ya ɗan sunkuya, sai ka ga rago a waje. Da farko matasa sukan taya shi tarewa, ya riƙa daka musu tsawa: "Ku bar shi, ku bar shi! Ni kaɗai yake ji!" Maƙwabta suka shiga tausaya mana. Wannan ya kawo igiyar roba, wancan ya kawo ta rama mai kauri, wani maƙwabcinmu da kakanninsa makiyaya ne ya zo da kansa ya yi wani ɗauri ya ce ko bijimi ba zai kwance shi ba. Da safe Baba ya daɗe a sunkuye yana fama da ƙullin, ina jin yana yi wa mutumin addu'ar da ba ta yi kama da godiya ba.

Ragon ma ya gane wasan. In Baba ya makara sai ya yi ta kuka yana jan turke. In ya yi nisa sai ya tsaya yana waiwaye har Baba ya kusa, sannan ya ƙara gaba. Ranakun da nake gida nakan bi bayansu da uzurin kai wa Baba ruwa, ni da ke kwance igiyar kambas a kwaleji. A filin kwaleji kuwa malaminmu ya fara nuna ni a matsayin abin koyi, 'yan ajinmu suna harara ta.

Wadda ba ta ga abin dariya ba ita ce Inna. Teɓar Baba na sauka, ƙeyar rago na sauka tare da ita. Ragon da ya kamata a ce yana tafiya da ƙyar ya koma siriri mai dogayen ƙafafu kamar karen farauta.

"Ni dai na ga ta kaina," in ji Inna. "Ina zuba dusa, ana kaiwa fadama ana zubarwa. Malam, ka ji tsoron Allah, me ragon nan ya yi maka?"

"Igiyoyin zamani ne ba su da ƙarko," in ji Baba.

"Igiyar da ke kwance kanta ta naɗe a kan turke?"

Baba ya ce lokacin walaha na wucewa, ya shige ɗaki.

Kiran sallah ya fara gyaruwa, amma a hankali, yau ya kai ƙarshe lafiya, gobe tari ya sarƙe shi. Kwamiti bai ce komai ba, yaron birni kuwa har ya fara zama a sahun gaba kusa da lasifika. Sallah na matsowa, ni ina ƙirga kwanaki, don na san ranar da za a yanka ragon ita ce ranar da wa'adin Baba ke cika.

Ran Sallah, bayan an sauko daga idi, Baba ya je wajen turke. Rago ya miƙe yana murna, yana jiran a kwance shi su tafi. Baba ya daɗe yana shafa wuyansa. Ni ban iya kallo ba, na shige madafa. Da aka feɗe sai na ji yana kirana.

"Zo ki duba, ke da kika karanta."

Zuciyar ragon ce a tafin hannunsa, jawur, a ɗaure tamau, kitsen jikinta bai taka kara ya karya ba. Na ce lafiyayya ce, Baba. Ya gyaɗa kai, ya wanke hannu, ya canza riga, ya tafi masallaci a ƙasa.

Naman kuwa ba a magana. Inna ta soya, ta dafa, ta sake dafawa, muna ta ja da haƙori kamar masu cin tayar keke. Muna cikin wannan fama azahar ta yi. Batirin lasifika ya mutu tun da safe wajen kabbarori, don haka Baba ya tsaya a ƙofar masallaci da bakinsa kawai. Muryar ta taso ta haye katangu. Da ya zo inda yake yankewa na riƙe numfashina, shi kuwa bai riƙe nasa ba, ya ja, ya ja, ya ƙara ja, har na gaji na saki nawa yana nan bai sauke ba. Inna ta daina tauna. Na ga idonta ya kawo ruwa.

"Kin ji?" ta ce. "Kitsen ragona ne wannan."

Da la'asar Alhajin kwamiti ya zo barka da Sallah. Ni na kai musu nama a zaure, kuma a wannan karon ma ban yi saurin fita ba. Ya ɗauki tsoka, ya tauna, ya tauna, ya haƙura ya ajiye ta a gefen kwano.

"Malam, maganar hutun nan, jama'a sun ce a bar ta tukuna."

"To, Allah ya sa haka ya fi alheri," in ji Baba, yana kallon tabarma.

Alhaji ya shafa cikinsa, ya leƙa waje ko akwai mai ji, sannan ya rage murya.

"In an sayi wani ragon, Malam, da wane lokaci yake tsinkewa? Sai in fito in taya ka kamawa."